Tafin Hannun Umma

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na bar ku tsaye a ƙofar asibiti, to ku shigo. Amma ku rage surutu, akwai marasa lafiya a ciki.

*

Ƙarfe tara saura kwata Malama ta zaunar da mahaifiyarta a kan bencin da ke gaban ɗakin duba ciki, ita kuma ta tsaya mata a ka. Cikin wata bakwai ne a jikin Malama, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya yi musu shata, amma zama ko zuwa ranta bai yi ba. Zuwansu na uku ke nan gaban wannan ƙofa, kuma har yau ba su tsallake ta ba.

Aikin ba wani mai tsawo ba ne. Siririn tiyo mai kyamara a kai za a zura wa Umma ta baki, a leƙa a ga abin da yake cin ta. Sharaɗin ɗaya ne tak, ciki ya zo wayam. To wannan sharaɗin ne ya gagara.

Zuwan farko, Umma ta ɗanɗana tukwane huɗu kafin su fito. Shekara ashirin da shida tana shugabantar kicin ɗin masaƙa, ma'aikata ɗari uku na cin girkinta, kuma ba a taɓa sauke tukunya ba sai ta ɗiga miyar a tafin hannu ta lasa. Aka mayar da su, aka ce su dawo bayan sati biyar. Zuwa na biyu shayi ne da madara, kofi guda cur, wai ai shayi ba abinci ba ne. Aka ƙara musu sati shida. Ita kuwa Umma sai zubewa take yi, zoben da ya shekara ashirin bai fita daga yatsanta ba yanzu sai ta naɗa masa zare yake zama, loma ɗaya sai ta kora ta da ruwa sau uku kafin ta wuce.

Shi ya sa wannan karon Malama ta ɗaura ɗamara. Ta roƙi hutu a makarantar da take koyarwa, ta tare a gidan Umma tun shekaranjiya, ta haddace takardar asibiti kamar za ta yi jarrabawa a kanta: awa takwas ba abinci, ruwa zalla kaɗan-kaɗan har zuwa awa biyu kafin a shiga, ban da madara ko ɗigo. Ta ɓoye gwangwanin madarar a kwandon wanki. Ta zare makullin siton masaƙa daga jakar Umma ta jefa a tata. Ita kanta ba ta sa komai a bakinta ba tun abincin yammacin jiya, don kada ko ƙamshi ya tashi a gidan.

"Ki zauna mana, Malama," in ji Umma. "Kin tsaya min a ka kamar na saci akuyar wani."

"Ina nan lafiya a tsaye."

"Ɗan da ke cikinki fa? Shi ma an rubuta masa azumin ne?"

"Umma, ki bar maganar cikina. Yau ta naki ake yi."

Umma ta taɓe baki ta gyara mayafi. A gefensu wani tsoho ne mai sanda, leɓensa ya bushe, ya ƙura wa agogon bango ido kamar shi zai ba shi abinci.

Ƙofar ta buɗe, nas ta fito da fam da biro. Ita ce dai ta wancan karon, gajeriya mai tabarau, kuma tana ganinsu ta gane su.

"A'a, su Umma ne. Yau dai da shiri aka zo ko?"

"Da shiri, Sista," Malama ta riga Umma amsawa. "Ni na tsare ta da kaina."

"To madalla. Yaushe rabonta da abinci?"

"Ƙarfe bakwai na yamma."

"Ruwa fa?"

"Shida da rabi na safe, rabin kofi. Ni na auna."

"Shayi? Madara? Alewa? Cingam?"

"Babu. Babu. Babu."

"Haƙoran roba?"

"Nata ne duka."

Nas ta yi dariya tana cika fam ɗin. "Umma, kin samu soja. Miƙo hannu in nemi jijiya."

Umma ta miƙa hannu. Ba bayansa ta miƙa ba kamar yadda kowa ke yi. Tafin ta buɗe, ta shimfiɗa shi a kan gwiwarta, a hankali, inda haske ya fi.

A tsakiyar tafin, cikin layukan fata, ga jan maiƙo nan ya kwanta.

Malama ta san wannan tabon tun tana rarrafe.

"Umma."

"Na'am."

"Mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Umma, kada ki yi min haka. Mene ne a hannunki?"

Umma ta kalli tafin kamar yau ta fara ganinsa. "Au. Lasa ce kawai na yi. Yaran nan gishiri suke zabgawa in ba na nan."

Sai komai ya dawo wa Malama dalla-dalla. Makullin da ta sace don kada Umma ta samu dalilin leƙa kicin, shi ne ya kai su kicin ɗin. Ƙarfe bakwai na safiyar nan Inna, ƙanwar Umma da suke aiki tare, ta bugo waya hankali a tashe, wai an ɗora miya amma shinkafa na kulle a sito, mutum ɗari uku za su wuni da yunwa. Dole suka biya ta masaƙar. A bakin get ɗin masaƙar, hedimasta ya kira Malama a waya yana tambayar inda ta ajiye takardun jarrabawar 'yan aji biyar, kuma shi mutum ne da in ya fara magana ba ya sanin hanyar fita. Umma ta zare makullin daga hannunta ta ce bari ta miƙa musu. Minti goma sha biyu. Ta duba a wayar, minti goma sha biyu cif.

Malama ta juya ga Umma a fusace.

"Kwana biyu, Umma! Kwana biyu ina gadinki! Na baro gidana, na baro ajina, hedimasta ya ce min wannan ne hutu na ƙarshe da zai sa wa hannu. Gishirin ma'aikatan masaƙa ya fi ranki ne?"

"Rage murya, mutane na kallonmu."

"Su kalla! Ai sun saba ganinmu, mun kusa zama ma'aikatan wurin!"

"Hannun ne ya riga ni, 'yar nan. Shekara ashirin da shida. Kafin in tuna, ludayi ya riga ya ɗiga."

Tsohon mai sanda ya ɗan matso. "Hajiya, don Allah, gishirin ya yi daidai kuwa?"

"Ya ɗan yi yawa, Baba. Na ce su ƙara tumatir da albasa, su bar ta ta ƙara nuna har man ya taso."

"Wayyo," in ji tsohon, ya haɗiye yawu. "Ya isa haka. Tun jiya da la'asar rabona da duniya."

Wasu a bencin suka yi dariya. Malama ba ta yi ba. Hawaye ne suka cika mata ido, na haushi zalla, irin wanda mutum ke yi idan wanda ya ɓata masa rai ba wanda zai iya zagi ba ne.

Umma kuwa har ta fara tattara jaka. "To Sista, sai yaushe ke nan? Ki duba mana littafin."

"Dakata tukuna, Umma," in ji nas. "Kin ce lasa ɗaya?"

"Ɗaya tak."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai da rabi," in ji Malama.

"Bari in tambayi Likita. Zuwan farko tukwane huɗu ne da naman ciki, wannan kuwa lasa ce. Ku jira ni."

Ta shige. Malama ta juya wa Umma baya ta fuskanci bango, inda aka liƙa hoton cikin mutum da kibiyoyi. Ta karanta duk rubutun da ke jiki sau biyu ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, don addu'a take yi a ranta. Ɗan cikin ya motsa da ƙarfi, ta dafa wurin.

Nas ta dawo fuska a sake.

"Kun taki sa'a. Likita ya ce in dai lasa ce, a mayar da ita ƙarshen layi. Sha biyu za ta shiga."

"Alhamdu lillahi!" Malama ta kama hannun nas da hannu biyu. "Allah ya saka miki, Sista. Allah ya raba ki da iyayenki lafiya. Umma, kin ji? Yau za a yi!"

Ta juyo tana dariya da hawaye a haɗe. Dariyar ta tsaya mata a rabi.

Umma ba ta yi murna ba. Jakar da ta tattara tana nan rungume a ƙirjinta, fuskarta ta yi fari fat, idonta na kan ƙofar fita.

"Umma, lafiya? Tsoro kike ji? An ce minti goma ne fa, kuma za a yi miki allurar da za ki ɗan yi barci."

"Ba komai."

Daidai nan Inna ta shigo tana haki, kular abinci a hannu ɗaya, tsohuwar jakarta a ɗaya. Ita ce mai kawo abin buɗe baki duk zuwan da suka yi, kuma duk zuwan a mota ake cinye shi a hanyar komawa.

"Yaya, an sallame ku ne? Ga shi na ɗan zubo..."

"Ba a sallame mu ba, Inna," in ji Malama. "Yau ba inda za mu. Sha biyu za ta shiga."

Inna ta kalli Umma. Umma ta kalli ƙasa.

Nas ta miƙo fam ɗin da biro. "Umma, kafin ki sa hannu sai na sake tambaya, haka dokar take. Kin tabbata lasar ce kaɗai? Ba wai don hoto ya fita da kyau kawai muke takura muku ba. In akwai abinci a ciki aka yi miki allurar barci, yana iya tasowa ya faɗa huhu. Wannan kuma ba abin wasa ba ne, ana rasa rai."

Kular ta kusa suɓucewa daga hannun Inna.

"Huhu?"

"Huhu, Hajiya."

"Yaya," in ji Inna. "Ki faɗa musu."

"Rufe min baki."

"Ki faɗa musu, ko ni in faɗa."

"Na ce ki rufe min baki, ko? Ni na goya ki."

"Kin goya ni, shi ya sa ba zan tsaya ina kallo a kashe ki da hannuna a ciki ba!" Inna ta juya ga nas. "Ba lasa ba ce, 'yata. Rabin burodi ta ci, da yanka uku na nama. Lasar daga baya ta yi, ta ce kada in ba ta sabulu."

Tsohon mai sanda ma ya daina kallon agogo.

Malama ta ji kamar ba da Hausa aka yi maganar ba. "Rabin burodi? Inna, Umma da loma ɗaya ke tsaya mata a ƙirji?"

"Da ruwa ta tura shi. Tana turawa tana hawaye. Ni na riƙe mata kofin, Allah ya yafe min."

"Shayin wancan karon fa?"

"Ita ta ce in haɗa. Ta ce in cika madara."

"Tukwane huɗun?"

Inna ta gyaɗa kai.

Nas ta zare fam ɗin a hankali ta mayar cikin fayil. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi wa Malama sauƙi. Ta buɗe babban littafin layi tana bin ranaku da biro.

"Yau dai babu. Nama ba ya barin ciki da wuri, kuma Likita zai shiga tiyata da rana. Gurbi na gaba..." ta juya shafi, ta sake juyawa. "Sati tara."

"Sati tara," Umma ta maimaita a ƙasan maƙoshi, tana lanƙwasa yatsu a cikin mayafi. Sai ta sauke ajiyar zuciya. "Ya yi."

Malama ta ji. Kuma ita ma ta san lissafin sati tara, don kullum da safe sai ta yi shi a kalandar ɗakinta.

"Ya yi me, Umma?"

"Ba da ke nake ba."

"Da ni kike. Sati tara haihuwata ce. Umma, kalle ni. Haihuwata kike jira?"

Umma ta ɗago. Karon farko a ranar ta kalli 'yarta ido cikin ido, kuma babu wasa ko kaɗan a fuskarta.

"Uku kika rasa," ta ce. "Uku. Ni na wanke ki duk ukun, ni na ɗebe kayan jariran na kai gidana don kada ki gani. Wannan ne kaɗai ya kai wata bakwai. Ina zaune likitanki ya ce jininki ya hau, a kiyaye miki tashin hankali. Da kunnena na ji."

"Shi ne za ki zauna ciwo na cin ki?"

"Ciwona ya yi haƙuri. Ya jira ni shekara sittin, sati tara ba za su gagare shi ba."

"To wa ya ce miki abin tashin hankali za a gani? Wataƙila gyambon ciki ne, a ba ki magani ki warke! Kin hana a duba, kin hana a sani, kin bar ni ina ɓoye madara a kwandon wanki kamar mahaukaciya! Wannan ba tashin hankali ba ne? Wata uku ba na barci, Umma!"

Inna ta fashe da kuka, ta ajiye kular a ƙasa ta fara kokawa da zik ɗin tsohuwar jakarta.

"Kada ki kuskura," in ji Umma.

"Na gaji, Yaya. Sau uku ina zuwa da ita wurin nan ina komawa da ita. Ta fi buhun shinkafa nauyi."

"In kika fito da ita, ba ni ba ke."

"Na yarda."

Ambulan ce ruwan ƙasa, gefenta ya yi laushi don yawan riƙo, da ɗigon mai a kusurwa. Inna ta miƙa wa Malama ita da hannu biyu.

"An riga an leƙa, 'yata. A wani asibitin, can ƙetaren gari. Ni na raka ta. Ranar awa goma sha biyu ta yi ba ci ba sha, ba wanda ya tsare ta, ba wanda ya ɓoye mata madara."

Umma ta yunƙura za ta fizge, ƙarfinta bai kai ba. Ta koma ta zauna, ta riƙo gefen rigar Malama kamar yadda yaro ke riƙe uwarsa a kasuwa.

"'Yar nan, don girman Allah. Ki bari sai kin sauka. Ranar da na ga jikana a hannunki, ni da kaina zan buɗe miki ita."

Malama ta buɗe.

Hotuna huɗu ne masu launi, jajaye, a na ukun akwai wani abu da bai yi kama da sauran ba. A ƙasa dogayen kalmomin likitoci ne, ita da take koya wa yara karatu ta kasa haɗa ko ɗaya. Abu biyu kawai ta iya karantawa. Na farko layin da aka rubuta da hannu aka ja masa layi biyu a ƙasa, cewa a dawo cikin sati ɗaya, da wani na jiki. Na biyu kwanan watan.

Wata huɗu da suka wuce. Lokacin cikinta na wata uku, daidai inda sauran ukun suka tsaya.

Haushin da ya cika ta tun safe ya nemi inda zai sauka ya rasa. Ta so ta yi wa Umma ihu, ta so ta rungume ta, ta kasa ko ɗaya.

"Me ke faruwa a nan?"

Likita ne a bakin ƙofa, dogo mai furfura, safar hannu ɗaya a cire. Nas ta matsa ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya miƙo hannu, Malama ta ba shi takardar ba tare da ta san ta ba shi ba.

Ya karanta. Ya ɗaga hoto na uku ya duba a haske. Ya koma kan kwanan watan, ya daɗe a wurin.

"Wa ya ce ku jira wata huɗu da wannan?"

Ya juya ga Malama.

"Ke ce 'yarta?"

"Ni ce."

Ya kalli fuskarta, ya kalli cikinta, ya kalli kumburarrun ƙafafunta. Sai ya sassauta murya, kuma sassautawar ta fi tsawa tsoratar da ita.

"Ku shigo ofis, ku ukun. Sista, kawo mata kujera mai hannu, ki zo da abin awon jini."

Umma ta miƙe da kyar. Ta sunkuya ta ɗauki kular da Inna ta ajiye a ƙasa, ta rungume ta, ta sha gaban Likita a bakin ƙofar.

"Likita, alfarma ɗaya. Kafin ka faɗa mata, ka bari ta ci abinci. Tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba, saboda ni."

Likita ya kalli kular, ya kalli takardar da ke hannunsa.

"Ta ci," ya ce. "Zan jira."

Suka shiga su ukun, ya mayar da ƙofar ya rufe.